Abin da na tsinta a kwas ɗin addini da gwamnati

Gaskiya a karatun lauya babu inda jijiyoyin wuya ke tashi irin ranar da aka zo kan addini da gwamnati a kwas ɗin tsarin mulki. Lakcaranmu ba ya son "na ji an ce", sai dai kowa ya buɗe kundin 1999 ya karanto da bakinsa. Sashe na 10 gajere ne, gwamnatin tarayya ko ta jiha ba za ta ɗau wani addini a matsayin addinin gwamnati ba. To amma kana zuwa sashe na 275 kundin nan dai ya ba jiha dama ta kafa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a, ga hukumar alhazai ga ta Kiristoci masu ziyara duk gwamnati ce ta kafa su, kuma wannan ja-in-ja tun 1978 ake yinsa, lokacin da wasu wakilai suka fice daga majalisar tsara kundin a kan kotun shari'a ta tarayya, balle da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999.

Inda na fi daɗewa shi ne shari'ar hijabin Legas. Babbar kotu ta goyi bayan hana ɗalibai mata sa hijabi a makarantun gwamnatin jihar a 2014, kotun ɗaukaka ƙara ta soke a 2016, kotun ƙoli ta ba ɗalibai gaskiya a 2022, alƙalai biyar da biyu. Na karanta har hujjar biyun da suka saɓa, kuma ina ba duk ɗalibi shawara ya yi haka, a nan ake gane inda gardamar take.

Sashe na 38 da ya tsaya wa ɗaliban Legas, shi dai ya ce kar a tilasta wa ɗalibi darasi ko ibadar addinin da ba nasa ba, har 'yancin sauya addini yana ciki. A kotun gwaji da muke yi a makaranta aka ba ni kare wata yarinya Kirista da makaranta ke sa ta addu'ar asambuli ba irin tata ba, wallahi da hujjojin shari'ar hijabin nan na kare ta, ko layi ban canja ba. Wasu 'yan ajinmu da suka yi murnar hukuncin 2022 ba su ji daɗi ba, muka yi ta musu har bakin hostal, kuma har yau ina kan bakana.