Jarkar Gwaggo

Yau kwana 23 da aikin da aka yi mini a hanta saboda ciwon daji.

Na tashi da ɗan ƙarfi, har na yi alwala da kaina ba a riƙe mini buta ba. Sallah dai har yanzu a kan kujera nake yin ta, sujada sai nuni da kai. Ɗinkin da ke ƙarƙashin haƙarƙarina na dama ya bushe, sai ƙaiƙayi, kafaɗar ma ta rage sara. Na zaga tsakar gida sau 12, Auta na biye da ni tana ƙirgawa da ƙarfi. Koko rabin kofi da ƙosai ɗaya, kuma sun zauna. Har dariya na yi da safen nan, na rungume filo a ciki kamar yadda aka koya mini a asibiti.

Wajen hantsi Gwaggo ta iso daga Mai'adua, wani yaro na biye da ita ɗauke da jarka mai cin lita 10. Tun da muka dawo Daura ba ta zo ba saboda ƙafarta. Tana ganina ta fashe da kuka, ta kama hannuna tana juyawa. "'Yar nan, haka kika koma? Duk kin zube." Na ce Gwaggo ai da sauƙi, alhamdu lillahi.

Ta buɗe jarkar. Jiƙo ne baƙi ƙirin, na saiwoyi da sassaƙe, warinsa ya cika ɗakin. Ta ce kofi ɗaya da safe, ɗaya da dare, kwana 40.

Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, likita ya hana. Hantar da ta rage mini ƙarama ce, yanzu take tofowa. Duk abin da na haɗiya ita ce za ta tace shi. Ko maganin ciwon kai ba na sha sai na tambaya."

Ta yi shiru tana kallon tabarma. Can ta ce, "Tun farko sai da na gaya wa babanki, daji ba ya son ƙarfe. Aka ƙi ji, aka yanka hanji. To ba ga shi ya gudu hanta ba? Yanzu an sake sa masa wuƙa."

Wallahi maganar nan ita ta cinye mini yinin. Ba yau na fara jin ta ba, a gidan suna da gidan gaisuwa an sha faɗa a gabana, cewa da zarar allura ko wuƙa ta taɓa ciwon daji sai ya fusata ya bazu. Amma daga bakin Gwaggo ta fito, matar da ta goye ni, ta yi mini kitso har na yi aure.

Na san amsar. Likitan da ya yi mini aiki ya zana mini a takarda, tana nan cikin jakata. Jinin da ya fito daga hanji ba ya zarcewa zuciya kai tsaye, wata babbar jijiya ce ke kai shi hanta tukuna. Shi ya sa dajin babban hanji idan zai bazu, hanta ce masaukinsa na farko. Ƙwayoyin sun riga sun bi jinin tun kafin aikin hanjin da aka yi mini bara, ƙanana ne ƙwarai, hoto bai iya ganinsu ba sai da suka girma. Ya ce hanta kashi 8 ce, sun cire mini huɗun da ke dama inda ƙullutun biyu suke, sauran kuma za su kumbura su girma cikin makonni su riƙe aikin. Na yi ƙoƙarin faɗa mata duk wannan. Ina cikin magana numfashina ya gaza, na tsaya. Ita kuma abin da ta ji kawai shi ne na ƙi maganinta.

"Shi ke nan, namu ya zama guba," in ji ta. Ta gyara mayafi. Tuwon da aka kawo mata ko taɓawa ba ta yi ba. Kafin la'asar ta ce za ta koma kada mota ta yi wuya.

Bayan tafiyarta ne Yaya ta gaya mini a waya cewa akuyarta ta sayar ta biya mai maganin. Akuyar da take cewa ta ajiye ta saboda ranar larura.

Sauran yinin ban san yadda ya wuce ba. Matan unguwa uku sun zo dubiya. Ya jiki, da sauƙi. An ɗauke wuta. Barci ya kwashe ni ban shirya ba, irin gajiyar nan da ke saukowa kamar an danne mutum da buhu.

Da dare ne abin ya dawo. Na kwanta a gefen hagu ina shafa tabon, ina tambayar kaina, in fa ya sake fitowa? Likita bai ɓoye mini ba, ya ce yana iya dawowa, shi ya sa akwai kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, a gaba idan wurin aikin ya gama haɗewa, da gwajin jinin CEA mai nuna alamar ko dajin ya dawo, da hoton ciki duk bayan 'yan watanni. Na yarda da shi, ba zan sha jiƙon nan ba. Tsorona shi ne ranar da sakamako zai fito ba daɗi, Gwaggo ta zauna a bakin gadona tana ganin da na sha da ba haka ba. Ba na so ta ɗauki wannan nauyin a ranta, ga tsufa.

Abban yara ya ce bari ya zubar da shi a bayan gida kafin yaran su ɗauka zoɓo ne. Na ce ya dai ɗaure bakin da kyau ya kai ɗakin ajiya ya kulle, kada ya zubar tukuna. Ni ko ɗaga jarkar ba zan iya ba, ta wuce kilo 5 ɗin da aka ƙayyade mini ɗauka har mako 6.

Mun yi magana kan akuyar, ya ce ƙarshen wata zai sayo mata wata. Gobe bayan asuba zan kira ta, lokacin ne take ɗaukar waya.