Shekara Uku Ina Kiwon Murjani a Falona

Murjanin da na sani tun ina yaro shi ne na kakata, jajayen duwatsun nan da take ɓoyewa a ƙasan adudu, ba ta fito da su sai ranar biki ko suna. Da wannan sanin na girma, cewa murjani dutse ne. Sai da aiki ya kai ni Legas, na shiga wani shagon kifin ado don in fake wa ruwan sama, na tsaya gaban wani akwatin gilashi ina kallon abin da na zaci fure ne yana buɗewa yana rufewa. Mai shagon ya ce murjani ne, kuma dabba ce mai rai. Ashe na kakata ma, in na asali ne, ƙashin wata dabba ce daga wannan dangi, wadda ake cirowa daga Bahar Rum. Na dawo Abuja abin yana raina, kuma kafin wata biyu na sa an haɗa mini akwatin gilashi mai cin lita 200, da wani ƙarami a ƙarƙashinsa inda injinan tace ruwa suke zama.

Kuskurena na farko ruwa ne. Na san gishirin girki ba ya yi, don haka na sayi gishirin da ake haɗawa musamman don wannan kiwo, mai ɗauke da kalsiyam da magniziyam da sauran ma'adinan teku. Amma na zuba shi a ruwan burtsatsen gidanmu, tunda garau yake, kuma shi muke sha. Cikin mako biyu duwatsu da yashi da gilashi duk suka rufe da wata ƙura mai ruwan ƙasa, in na goge da safe kafin magariba ta dawo. Wata irin gansakuka ce mai rayuwa da sinadarin silika, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan zo da shi. Kusan kowane sabon akwati yakan yi wannan ƙurar na ɗan lokaci ta wuce, amma ni kullum ƙara mata abinci nake yi. Dole na sayi na'urar tace ruwa mai matse shi ta cikin wata siririyar fata, sannan ta bi da shi ta cikin wasu ƙwayoyi masu tsotse ragowar ma'adinai, har ma'aunin datti ya nuna sifili. Na zubar da ruwan gaba ɗaya na sake sabon lale.

Daga nan sai jira. Kashin kifi yana zama amoniya, amoniya kuwa guba ce. Akwai ƙwayoyin bakteriya da ke zama a ramukan duwatsu suna mayar da ita naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait naitiret, wanda dafinsa bai kai na waɗancan ba. Kafin su yawaita ana ɗaukar mako huɗu zuwa shida. Na yi mako biyar da akwati cike da ruwa da duwatsu, famfuna suna aiki dare da rana, babu ko kifi ɗaya. Uwargida ta leƙo wata rana ta ce, "Maigida, wai duwatsu za mu riƙa kiwo ne?" Na ce mata ta ƙara haƙuri, ruwan ne bai nuna ba.

Kuma gaskiyar ke nan da na daɗe ban gane zurfinta ba. Mai wannan kiwo ruwa yake kiwo. In ruwan ya zauna daidai, kifi da murjani su za su kula da kansu. Teku tana da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, kuma a wuraren da murjani ke rayuwa wannan adadi ba ya motsi sosai. A falona kuwa kullum ruwa yana tashi sama ya bar gishirin a baya. Da hunturu, lokacin da iska ta bushe har leɓe ke tsagewa, nakan rasa lita huɗu a yini. Abin da ake mayarwa tataccen ruwa ne zalla marar gishiri. Wanda ya cika da ruwan gishiri, gishirin zai yi ta taruwa har ya kashe masa komai. Da farko da jarka nake cikawa duk dare, daga baya na sa ɗan famfo mai gane saukar ruwa yana cikawa kaɗan-kaɗan. A ranar da na sa shi na ga bambanci a jikin murjanin, don sun fi son canjin da ba su ji shigarsa ba.

Kifayena na farko biyu ne, irin masu ruwan lemo da ɗamara fara guda uku da ake kira kilawun. Na zaɓi waɗanda aka ƙyanƙyashe a gidan kiwo, ba kamun teku ba, saboda sun saba da abincin gwangwani kuma sun fi juriya. Wani abin mamaki game da su, dukkansu a maza suke fara rayuwa, sai wanda ya fi ƙarfi ya girma ya rikiɗe ya zama mace. Na ga haka da idona cikin watanni, ɗaya ta ninka ɗayan girma, ita ke cin abinci da fari, shi kuma in ta matso sai ya karkace jiki yana karkarwa alamar ya sallama.

Da na ga sun zauna lafiya sai kwaɗayi ya shige ni. Na sayo wani shuɗin kifi da ake kira tang, na sake shi kai tsaye cikin akwatin. Laifi biyu na yi a lokaci guda: irinsa yana bukatar wuri mai tsawo da zai yi iyo, lita 200 ta yi masa kaɗan, sannan ban keɓe shi na duba lafiyarsa ba. Kwana shida sai ga farin ɗigo-ɗigo a jikinsa kamar an barbaɗa masa gishiri, yana goga jiki da duwatsu. Wata ƙwayar cuta ce mai suna Cryptocaryon, wadda ke cin fatar kifi, ta faɗo ƙasa ta yi ƙwanso, ta fashe ta fito da ɗaruruwa. Maganinta mafi sanuwa yana da tagulla a ciki, tagulla kuwa tana kashe murjani da jatan lande da katantanwa, don haka ba a zuba shi a babban akwati. Sai da na kwashe duwatsu kafin na kama kifayen na kai su wani ƙaramin akwati na jinya. Tang ɗin bai tashi ba. Babban akwatin na bar shi ba kifi har kwana 76, yadda masu wannan kiwo suka saba, don cutar ta mutu da yunwa. Tun daga nan duk kifin da ya shigo gidana sai ya yi wata guda a keɓe.

Murjani na fara da masu taushi, irin masu kama da naman kaza da masu shimfiɗuwa kamar koriyar ciyawa. Suna yafe kuskure. Akwai kuma zowantid, masu kama da ƙananan furanni masu launi iri-iri da yara suka fi so, kuma a kansu nake so mai karatu ya tsaya. Wasu daga danginsu suna ɗauke da dafin palitoksin, ɗaya daga cikin dafi mafi ƙarfi da aka sani. Ba a taɓa su da hannu mai rauni, ba a yanka su ba tare da safar hannu da tabarau ba, kuma ko kusa ba a tafasa dutsen da suke kai, don tururin yana iya kwantar da mutanen gida duka. Ni da nake da ƙananan yara, na sa wa akwatin doka: ba mai sa hannu sai ni.

Masu ƙashi su suka koya mini awo. Suna gina ƙashinsu da kalsiyam da kabonet da suke ja daga ruwa, don haka kullum waɗannan suna raguwa. Ina riƙe kalsiyam tsakanin 400 da 450, magniziyam wajen 1300, ƙarfin kabonet kuma wajen 8, kowanne a ma'aunin da masu wannan kiwo ke auna shi da shi. Wani abokina ya ce in jefa 'yar kanwa mana, tunda ita ma kabonet ce. Gaskiya ne tana da shi, amma da ƙasa da wasu gishirai a haɗe waɗanda ba ni da hanyar aunawa, sai na tsaya ga tsabtataccen sodiyam bikabonet. Duk da haka na yi asarar reshen Acropora na farko da na saya, wani murjani mai ƙashi da rassa. Na auna na ga kabonet ya sauka zuwa 6, na tsorata na ɗaga shi zuwa 9 a dare ɗaya. Kwana biyu naman ya fara saɓulewa daga gindi ya bar farin ƙashi. Da na bar shi a 6 na riƙa ɗagawa sannu a hankali cikin mako guda, ina kyautata zaton da yana nan.

Bishiyar mangurob da na haɗa da kiwon kuwa tamu ce, ba sai an shigo da ita daga waje ba. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka dajin wannan bishiya, daga Legas har yankin Neja Delta, inda take tsaye cikin laka da ruwan zartsi a kan saiwoyi kamar ƙafafu. Irinta yana tsirowa tun yana jikin uwar, ya yi tsawo kamar fensir, sannan ya faɗo ruwa ya ɗauke shi. Irin waɗannan guda biyar na tsinto a bakin ruwa a wata tafiya. Uku na dasa kai tsaye cikin cikakken ruwan gishiri, suka yi baƙi suka mutu. Biyun da suka rage na fara da su a ruwa mai rabin gishiri, ina ƙarawa kaɗan duk mako har wata biyu, sannan na dasa su cikin yashi a wani ɗan akwati da na jona da babban, ganyensu a sarari ƙarƙashin fitila mai ƙarfi. Na sa rai za su shanye mini naitiret. Ba su yi ba, girmansu a hankali yake ƙwarai, ganye biyu a watanni, kuma bishiyar da ba ta girma da sauri ba ta cin abinci da yawa. Dunƙulen koriyar gansakuka da nake nomawa a ƙaramin akwatin ƙasa ya fi su wannan aiki nesa ba kusa ba. Amma ban cire su ba. Kowace safiya nakan fesa wa ganyen ruwa mai daɗi in wanke gishirin da ya fantsamu da ƙurar hazo, in tsince ganyen da ya faɗo kafin ya ruɓe a ruwa. 'Yata ta karɓe wannan aiki yanzu, ita ke zuwa ta ce, "Baba, ta fito da sabon ganye."

Babbar asarata ta zo a watan Afrilu na shekara ta biyu. Na yi tafiyar kwana uku, aka ɗauke wuta tun dare, batiran inbata suka ƙare kafin azahar. Ƙanena ya kira ni da la'asar ya ce, "Yaya, kifayen nan duk sun taso sama suna haki." Abu biyu ne suka haɗu. Da famfuna suka tsaya, iskar oksijin ta daina shiga ruwa, ga shi ruwa mai ɗumi dama ba ya riƙe ta da yawa. Zafin ruwan kuma ya haura digiri 31, alhali murjani tsakanin 24 da 27 yake so. Na ce ya ɗauki kofi ya riƙa ɗiban ruwan yana zubawa daga sama ba tsayawa, ya nemo ƙanƙara a ɗaure cikin leda ya sa ta yi iyo a kai, har a tayar da janareta. Allah ya saka masa da alheri, ya yi awa uku a tsaye. Kifaye biyu sun mutu, kilawun ɗin sun tsira.

Murjanin ba su mutu a ranar ba. Bayan mako guda ne suka fara kwaɗewa suna zama fari fat. A cikin naman murjani akwai wasu ƙananan halittu masu kama da gansakuka da ke amfani da haske su samar masa da mafi yawan abincinsa, su ne kuma ke ba shi launi. In zafi ya yi yawa sai ya fitar da su, ya zauna da yunwa. Wannan shi ne abin da ke faruwa a tekunan duniya. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka ta tabbatar da cewa an shiga karo na huɗu na farin murjani a faɗin duniya, bayan na 1998 da 2010 da wanda ya fara a 2014. Na sha jin labarin, amma sai da na ga nawa sun yi fari a gabana na ji shi a jikina. Na rage hasken fitila, na riƙa ba su abinci da sirinji da daddare. Kusan rabi sun dawo da launinsu cikin wata uku, sauran gansakuka ta rufe ƙashinsu.

Bayan wannan na sake tsarin wutar gaba ɗaya. Famfo ɗaya mai kaɗa ruwa yana da batirinsa shi kaɗai, ba ya haɗuwa da firji ko talabijin, kuma akwai ɗan injin hura iska da ke tashi da kansa da zarar wuta ta ɗauke. Fitila tana iya mutuwa kwana biyu ba abin da zai faru, amma ruwa ba zai tsaya ko awa ɗaya ba. Daga Fabrairu zuwa Mayu fanka biyu ke hura saman ruwan, ina biyan kuɗinsu da ƙarin tataccen ruwa. A jikin ƙofar kabad ɗin na manna takarda da Hausa, abin da za a yi ɗaya bayan ɗaya in ba na nan, kuma kowa a gidan ya gwada shi sau ɗaya a gabana. Duk Asabar ina canza lita ashirin, in auna, in rubuta a littafi. Acropora ban sake saye ba tukuna, ina jira in ga akwatin ya ƙetare bazara biyu a jere ba tare da zafinsa ya wuce 27 ba. Ɗaya ta wuce, saura ɗaya.