Wayar birki a ƙugun gada

Kukan na fara ji, irin na ɗan akuya da aka danne. Da na ratsa ciyawar sai ga gada a kwance, wayar birkin babur ta ɗaure ta a ƙugu, ɗaya bakin wayar kuma yana jikin wani kututture. Ta sha zagaye tana fizga har ƙasar wurin ta yi fes kamar an sa tsintsiya. Cikinta ya tsufa. Wuƙa kawai ke aljihuna, wuƙa kuwa ba ta cin waya. Kafin in je in dawo da filaya rai ya yi halinsa. Bayan kwana biyu na sake bi ta wurin, tana nan, ƙudaje sun rufe ta. Mai tarkon ko naman bai mora ba.

Kada a ɗauka ni maƙiyin farauta ne. Na riƙe bindiga shekaru, ban kuma yi nadama ba. Amma maharbi yana da ido. Yana ganin namiji ne ko mace, yana ganin mai shayarwa, yana iya sauke bindigarsa ya wuce. Waya ba ta da wannan. Duk abin da ya sa ƙafa nata ne, dila ko barewa, har karen makiyayi.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne, tattalin namun daji lissafi ne irin na mai garke: a sayar da bajimi, a bar karsana. Zabuwar daji takan saka ƙwai 6 zuwa 12 a ƙasa, ta kwanta musu wajen mako huɗu, don haka in an ɗaga mata ƙafa lokacin kwanci za ta mayar da abin da aka harbe. Gada ɗa ɗaya take haifa. Giwa sai ta yi wata 22 da ciki. Wanda ya yi musu kuɗin goro ya gama da dajinsa bai sani ba.

Yawa ma ba ya ceto. A Amurka an yi wata tantabarar daji da yawanta ya kai biliyoyi, garkenta na rufe rana in yana wucewa. 'Yan kasuwa suka riƙa bin ta har sheƙa suna kwashewa ana lodi a jirgin ƙasa. Ta ƙarshe ta mutu a keji, a gidan namun daji na Sinsinati, ranar 1 ga Satumba, 1914. Barewarsu mai farar wutsiya ita ma ta kusa bin sahu, don wajen 1900 ba ta wuce rabin miliyan ba. Sai aka hana cinikin namanta, aka tsayar da lokacin harbi da adadin da mutum zai ɗauka, a 1937 kuma aka yi dokar da ke karkatar da harajin bindigogi da harsasai zuwa gyaran daji. Yau ana maganar miliyan 30, har ta zama fitina a kan tituna. Maharban ne suka biya kuɗin, abin da ya fi burge ni ke nan.

Sai dai doka a takarda ba ta kwance waya. Manomin da ya wayi gari aka cinye masa gona ba wa'azi yake buƙata ba. Shi ya sa nake yawan tuna raƙuman dawa na Kure a Nijar. A 1996 guda 49 suka rage, ba a cikin shinge ba, a tsakiyar gonakin mutane. Aka tsaurara hana harbinsu, aka sa mutanen ƙauyukan su ci moriyar baƙi masu zuwa kallo, da aikin jagora, da rijiyoyi. Suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji don kada a tara ƙwai a kwando ɗaya.

Ni dai tun ranar gadar nan filaya ba ta barin jakata. Fitata ta ƙarshe na cire wayoyi bakwai a kan turba guda da ke gangarawa ruwa, duk sababbi, ko tsatsa ba su yi ba. Na san mai su zai dawo. Na rasa yadda zan yi, in jira shi mu yi magana, ko in tafi da wayoyinsa. Na zauna gindin bishiya har rana ta yi zafi, bai zo ba.