Ƙyauren zaurenmu

Asabar. Ruwan daren jiya ya wanke gari tas, har hasumiyar Gobarau ta nan Katsina ta fito fes da na leƙa daga soro. Amma tsohon ƙyauren ƙarfen zaurenmu ya ƙi buɗuwa da asuba, sai da aka cicciɓe shi. Kawu ya ce ya gaji, a kira mai walda a sa na zamani irin na kowa.

Ko kunun Inna ban tsaya sha ba, na hau babur na ɗauko Baba maƙeri daga maƙera.

Ya tsuguna gaban ƙyauren ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya sa farce ya ɓanɓaro wani ɓawo. "Wa ya shafa masa fenti?" Aka ce lokacin bikin Yaya ne. Ya girgiza kai. "Fenti kan tsatsa? Ai danshi kuka kulle a ciki, yana ta ci ba ku gani." Ya ce ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake, ninki-ba-ninki, shi ya sa sandar da aka dasa cikin bango ta tsaga ginin. Indararon da ya karye ne mai laifin, shi ke zubo ruwa daidai gindin ƙyauren. Daga gwiwa zuwa sama kuwa lafiya lau, baƙar fatar nan da ke jikinsa ma kariya ce, kada a taɓa ta.

Sai ya kama hannuna ya bi da shi kan ƙusoshin. Babu biyu masu kai iri ɗaya, kowace da sawun masaba. A ganinsa ƙarfen tama ne, irin wanda ake narkawa a ƙasar nan kafin Turawa su shigo Katsina a 1903, ƙarfen waje ya zo ya kashe sana'ar.

Kawu ya ce, "To Baba, a liƙa masa faranti da walda mana."

"A'a, Alhaji. Tsohon ƙarfe zare-zare gare shi kamar itace, wutar walda na iya yaga shi a gefen ɗinkin. Injin gurza kuma zai share hannun wanda ya ƙera shi. A kankare tsatsar da burushin waya a hankali, in ƙera maho in kama da ƙusa, a ɗumama a shafa kakin zuma. A ɗaga shi daga ƙasa kaɗan."

Kawu dai "za mu gani" kawai ya ce. Na san wannan "za mu gani".

La'asar: kasuwa, maganin Inna, faci a taya.

Da na biyo ta Ƙofar Ƙaura raina ya ƙara ɓaci. Ƙofa ga ta a tsaye da siminti, amma yaro ba zai san an taɓa rufe gari da dare ba. Namu ƙyauren kuwa, ɗan gwangwan zai ɗora shi kan sikeli ya biya kuɗin kilo.

Ɗazu ƙanena ya ce mai walda ya zo ya auna ƙofar da ba na nan. Gobe da sassafe zan sayo indararo da kakin da kuɗina, kafin Kawu ya ba da kafin alƙalami.