Tsakuwar matsarmama da sikanin bayan wata shida a Jamus

Ban gama sabawa da sanyin Jamus ba ciwon ya kama ni, ƙasan haƙarƙari ta dama yana harbawa har kafaɗa, musamman da daddare in na ci abu mai maiƙo. Likitan unguwarmu ya ɗora min na'urar sikanin, yace tsakuwa ce a matsarmama, 'yan ƙanana, irin na kolestorol, wato wani nau'in kitse na jiki. Tiyata ce dai maganin da suka fi yarda da shi, amma a lokacin ban da kowa a nan da zai yi jinyata, sai muka tsaya kan ƙwayar ursodiol mai narkar da tsakuwa a hankali. Ba kowa take wa aiki ba fa, sai tsakuwar bata wuce santimita 1.5 ba kuma bata taurare da kalsiyam (sinadarin da ke cikin ƙashi) ba, sannan matsarmamar na aiki.

Abin da yafi min wuya shi ne jira. Maganin na ɗaukan wata 6 har shekara 2, duk bayan wata shida kuma sai an sake sikanin, a nan ranar ganin likita tun da wuri ake kama ta, in ka bari ta wuce ka koma ƙarshen layi, ga takardu da yaren da lokacin ko rabinsa bana ji. Za ka je ba ka ci komai ba kamar awa 6 zuwa 8, don in ka ci matsarmamar tsukewa take ba a ganin cikinta da kyau. A shafa maka man nan mai sanyi, ace ja numfashi ka riƙe, juya ta hagu, kana kallon allon, tsakuwar fara fat da baƙar inuwa a bayanta, likita na auna ta yana gwadawa da hoton baya.

Don Allah 'yan uwa masu zuwa, ciwo ya lafa ba shi ke nuna ta narke ba, sikanin kaɗai ke faɗa. Ni ko da hoton ya fito fes ba a tsayar min da magani ba sai da aka ƙara wata 3 aka sake dubawa. Kuma kusan rabin mutane tana dawo musu cikin shekara 5, shi yasa har yanzu nake zuwa. In kuwa ido yayi ɗorawa kamar mai shawara ko zazzaɓi ya haɗu da ciwon, kar a jira ranar da aka bayar, a wuce sashen gaggawa kawai.