Daren da na cire wa Baba takunkumin iska

Baba ya shekara goma da hawan jini, sai ya ajiye magani don wai ya ji sauƙi. A hunturun nan ya koma kwana a jingine da filo uku, ƙafafunsa suka kumbura har takalminsa na Juma'a ya ƙi shiga. Ni da nake taƙama da boko na ce sanyi ne, na sayo masa abin shaƙa na asma a kemis.

Ƙarfe biyun wani dare ƙirjinsa ya fara ƙara kamar tukunyar talge, yana tofar da kumfa mai ratsin jini. Na shimfiɗe shi a kujerar baya muka nufi asibiti a nan Daura. Kada ku yi haka. Zuciyar da ta gaza turo jini ita ke sa ruwa ya taru a huhu, kwanciya kuwa ƙara shi take yi. Ku zaunar da shi, ƙafafu na reto.

An maƙala masa ɗan abin awon oksijin na cikin jini a yatsa, ya nuna ƙasa da 90. Aka fara ba shi oksijin ta siririn tiyon hanci, wanda ba ya wuce lita 6 a minti, aka koma takunkumi mai jaka a lita 15, aka yi masa allurar Lasix don ruwan ya fita ta fitsari. Da abin ya ƙi, suka kawo injin da suke kira sipap, mai matse fuska yana tura iska da ƙarfi don buɗe huhun da ruwa ya danne. Baba ya yi ta fizge-fizge. Ni kuma na taso da jin cewa wanda aka sa wa oksijin ba ya tashi. Da ma'aikaciyar jinya ta juya, na zare madaurin.

Lambar abin awon ta faɗi nan take. Ma'aikaciyar ta dawo a guje. "Malam, so kake a zura masa tiyo a maƙogwaro?" Wato injin numfashi, wanda sai an sumar da mutum, kuma ba kowane asibiti ke da shi ba.

Ta ce in riƙe hannunsa in yi masa magana. Na duƙa a kunnensa: "Baba, bar shi, bi iskar a hankali." Kafin kiran assalatu ya cika roba da fitsari, ya nemi a ɗaga takunkumin ya tambayi wa ya rufe ƙofar gida.