Ɗan kamfai ɗinkin gida

Babu tufar da ke wuni manne da jikin mace kamar ɗan kamfai, kuma babu wadda muke yi wa riƙon sakainar kashi kamarsa. In atamfa ce sai mun zaga rumfa-rumfa, mun kai wa tela, an yi awo, an ja magana a kan wuya da hannu. Kamfai kuwa sai dai mu tsaya gaban tebur a kasuwa, galibi mai kayan namiji ne, mu nuna da yatsa muna kawar da kai, a ƙunshe mana cikin baƙar leda. Ba gwaji, ba tambaya, ba mayarwa. A lefe dozin-dozin ake zubawa, alhali wadda ta sayo ba ta san faɗin ƙugun amarya ba. In ya matse a yi haƙuri, in roba ta yi shata a cinya a yi haƙuri, in yadin leda ne a yi ta fama da shi cikin zafin Afrilu da Mayu. Wasu kuma rashi ya kai su ga na gwanjo, wanda Ghana ta haramta shigo da shi tun 1994 saboda lafiyar jama'a. Kunya ado ce, amma a wannan wurin ta cuce mu.

Ni ɗinki nake yi a gida a Kano: riga da siket, hijabi, kayan yara, a kan baƙin keken Butterfly na ƙafa. Ƙanwata ce ta ja ni cikin wannan harka. An yi mata tiyata wajen haihuwa, duk kamfan da take da shi robarsa a kan ɗinkin take sauka. Ta ce, "Yaya, don Allah ba za ki yi mini wanda zai hau har cibiya ba?" Yankan riga da alli da tef a kan yadi kai tsaye shi muka koya, kuma yana yi mana. Amma kamfai ƙaramin abu ne, duk jikinsa lanƙwasa ce, rabin inci ma yana sauya zamansa. Shi ya sa na nemi fatan, wato takardar da aka zana siffar kowane yanki a kai. Akwai su da yawa a intanet a matsayin PDF, wasu kyauta, wasu sai an biya. Mutum ya sauke a waya, ya kai shagon da ke da firinta.

A shagon nan ne aiki ke iya lalacewa tun ba a taɓa almakashi ba. Fatan da aka zana a Amurka an tsara shi a kan takardarsu mai milimita 216 da 279, mu kuwa A4 muke amfani da ita, mai 210 da 297. Kwamfuta kan rage zanen da kanta don ya shige takarda, kuma ido ba zai gane ba. Ragin kashi 3 cikin 100 kamar ba komai ba ne, amma a ƙugu mai santimita 100 ya cinye santimita 3 ke nan. Saboda haka masu zanen suke sa ɗan murabba'i a shafin farko, su rubuta girmansa, wani inci 1, wani santimita 5. Da tef ɗina nake zuwa. Na ce wa yaron shagon, "Malam, fara buga mini shafin farko kawai." Ya ce, "Hajiya, ai duk ɗaya ne." Na ɗora tef a kan murabba'in a gabansa, bai cika ba. Ya koma ya sa girman a kan 100 cif, muka sake awo, ya yi daidai, sannan ya buga sauran.

Fatan na kamfai ba shi da shafuka da yawa. Yanki uku ne: gaba, baya, da hantsa, ita kuma hantsar biyu ake yankawa, ta waje da shafinta. A haɗa takardun da salatif bisa alamomin da ke gefe. Za a ga layuka cikin layuka, kowanne na girma daban. Ni ba na yanka takardar asali. Kwafe girman da nake so nake yi a bayan tsohuwar kalanda mai kauri, in ajiye ta asalin don wata. Sai a duba ko an haɗa da rarar ɗinki. Yawanci milimita 6 ce ko santimita 1. Mu da muka saba barin inci guda a gefen riga don a buɗa in an yi ƙiba, sai mun danne hannunmu a nan, domin rara mai yawa tudu take zama a ƙarƙashin zani.

Wajen zaɓen girma, a manta da lambar da aka saba saye. Lamba 14 ta Ingila daban, ta Amurka daban. A zagaya tef a inda mazaunai suka fi faɗi, a duba jadawalin mai zanen, a bi abin da ya ce. In an yanka za a ga abin ya yi ƙanƙanta har zuciya ta ce a ƙara. Kada a ƙara. Da gangan aka zana shi ƙasa da awon jiki, yadin ne zai miƙe ya cike.

Inda nake gyara kusan kullum shi ne baya. Yawancin fatan da na samu an zana su ne don jikin da bai kai na matanmu cika ta baya ba. In an bi su yadda suke, gaba ya zauna lafiya, baya kuwa ya zame ƙasa da zarar an sunkuya, gefen kuma ya riƙa shigewa. Abin da nake yi, in tsaga kwalin baya a kwance daga tsakiya zuwa gefe, in bar gefen a haɗe, in buɗa tsakiyar da santimita 2 ko 3, in liƙa takarda a gurbin. Tsawon ya ƙaru a tsakiya, gefen da zai haɗu da gaba bai canja ba. In ana son rufi sosai sai a ɗan fito da layin ƙafa waje. Takardar mafari ce kawai. Wanda ya zana ta bai ga jikin da za a sa wa ba.

Yadi kuma shi ne rabin aikin. Atamfa da shadda ba su da wuri a nan, sai yadi saƙaƙƙe irin na tishat. Wanda ya fi yi mini shi ne mai auduga kashi 95 da zaren roba kashi 5, wanda ake rubuta spandex ko Lycra a jikinsa. A Kantin Kwari ba kowane mai rumfa zai iya gaya miki abin da ke cikin yadinsa ba, don haka hannu ne alƙali. Ki kama santimita 10 ki ja a kan tef: in ya kai 15 ba tare da tilas ba, ya miƙe da kashi 50 ke nan, kuma fatan da yawa haka suke nema. Sannan ki saki ki gani ko ya koma yadda yake. Wannan komawar ta fi miƙewar muhimmanci. Tsohuwar tishat ta auduga zalla tana miƙewa amma ba ta komawa, kafin azahar kamfan ya saki. Tana da amfaninta dai: da ita nake ɗinka na gwaji, kuma daga cikinta nake fitar da shafin hantsa. Wajen shimfiɗa kwali, ɓangaren da ya fi miƙewa shi zai zagaya jiki. A wanke yadin ya bushe kafin a yanka, domin auduga tana tsukewa a wankin farko, wani kuma yana zuba.

Shafin hantsa ba na yin sa da komai sai auduga zalla, kuma fari. Auduga tana shan gumi, tana barin iska ta ratsa, shi ya sa ma'aikatan lafiya suke ba da shawararta. Farin kuma yana sa mace ta lura da duk wani canji a jikinta da wuri, ta kuma gane tsarkinta ba tare da shakka ba. Ko da yadin waje baƙi ne ko mai fure, ciki fari nake sawa.

Haɗa hantsar shi ne wurin da na fi jin daɗinsa. A sa yankin baya a tsakiya, hantsar waje a fuskarsa, shafin a bayansa, a ɗinke ukun tare. Sai a naɗe bayan kamar tabarma ya shige tsakanin hantsa da shafi, a kawo yankin gaba shi ma a cusa bakinsa a tsakaninsu ta ɗaya ƙarshen, a ɗinke. In an jawo naɗin ta gefe sai komai ya juye, ɗinki biyun duk sun ɓuya a ciki, babu zaren da zai taɓa fata. Yawancin na kasuwa sukan bar bakin shafin na gaba a buɗe, nan datti ke maƙalewa.

Baƙin kekenmu miƙaƙƙen ɗinki kaɗai yake yi, shi kuwa miƙaƙƙen ɗinki ba ya miƙewa da yadi. A ja shi sai a ji ƙas, zare ya tsinke. Duk bayanan da ke zuwa da fatan sun ɗauka kowa na da keke mai zigzag, wato ɗinki mai kai-kawo hagu da dama da ke miƙewa tare da yadi. Akwai dabarun da suka fisshe ni kafin in samu irinsa. Allura mai dunƙulen baki, lamba 75/11 ko 80/12, wadda ke bi tsakanin zaren saƙa ba ta huda shi. Allurar atamfa tsallake take yi, ta bar ƙananan huji. Zaren polyester, ba na auduga ba. A riƙa ɗan jan yadin gaba da baya ana ɗinki, don in ya koma a sami sassauci a zaren. In keken yana cusa yadin cikin ramin allura, a shimfiɗa 'yar takarda a ƙasa, a yage ta daga baya. Gefuna kuma in kai wa maƙwabciyata mai keken wibin, wanda ke ɗaure bakin yadi. Roba kuwa sai in yi mata ƙubaka siririya in zura ta, yadda ake zura zariya. Yana yi, sai dai ya fi kauri. Da na sami keke mai zigzag aikin ya fi tsabta, amma shi sai an kawo wuta, don haka har yau ban ajiye na ƙafan ba.

Roba ce ke sa a so kamfai ko a tsane shi. Nakan auna zagayen ƙafa a jikin ɗinkin, in yanka robar ƙasa da shi da kashi 10 zuwa 15 cikin 100, sannan in zagaya ta a cinyar mai shi ta faɗi yadda ta ji, domin wata robar ta fi wata ƙarfi. A haɗa bakinta ta zama zobe, a raba ta huɗu da fil, a raba bakin yadin huɗu, a haɗa alama da alama. Robar kaɗai ake ja ana ɗinki, yadin a bar shi ya kwanta. A ƙafa ba na raba jan daidai: ta gaba kaɗan nake ja don kada ta ci matsematsi, ta baya in ƙara don ta rungumi ƙasan mazaunai. Mai laushi a fuska ɗaya, mai faɗin kamar santimita 1, ita nake nema wajen masu kayan tela. A ɗinka ta a fuskar yadi laushin yana sama, a juya ta ciki a sake bi. Kafin in saya sai na ja ta kusa da kunne. Wadda ta daɗe a shago zafi ya gasa ta za ki ji tana ƙara ƙas-ƙas, wannan ta mutu tun ba a ɗinka ba.

Rigar mama wani fage ne daban. Marar ƙarfe dai na iya ɗinka ta, musamman ta masu shayarwa, kuma abin da na gane shi ne ɗaurin ƙasan ƙirji ke ɗaukar nauyi, ba igiyar kafaɗa ba. Mai ƙarfe tana son kayan haɗi da ba kasafai nake samu ba, na bar ta tukuna.

Bilic, tafasasshen ruwa da dutsen guga duk suna kashe roba. Amma abin da ya fi damuna shi ne shanya. Da yawanmu a bayan ƙofar banɗaki muke rataye shi, ko mu lulluɓe shi da zani a kan igiya, a sa shi da sauran danshi. Danshin nan yana jawo ƙaiƙayi. A nemi lungu a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, ya sha hantsi, a kwashe kafin rana ta take.

Yanzu mata sukan zo, mu tura ƙofa, in yi musu awo. Wasu sai sun gama zancen hijabi da dogon wando kafin su sauke murya su faɗi abin da ya kawo su. Kowace da kwalinta, da alamar da ni kaɗai na gane, ba suna. Mai son yin na sayarwa ta karanta sharaɗin fatan tukuna, domin da yawa an ba da su ne don amfanin kai kawai. Na kuɗi da zanen da na fitar da kaina daga awo nake yi. Kuma ba na yanka yadin mace gaba ɗaya a tashin farko. Guda ɗaya nake ɗinkawa, in ce ta wuni da shi, ta yi shara, ta hau Adaidaita, ta yi ruku'u da sujada, ta wanke shi ta sake sawa. In ta dawo ta nuna mini inda ya ci ta da inda ya zame, in gyara kwalin, sannan in yanka sauran.